SOJAN ARO BA YA RUFE KATARA: JAN HANKALI GA MASU CEWA A BAR TURAWA SU ZO SU CECE MU

Iyayenmu dattawan ƙungiya, da malamanmu, da dukkan magidantan Hausawa mazauna Gadaka da kewaye, maza da mata, ina roƙon a ba ni aron wannan fili domin in yi magana a kan wani zance da ya yi yawa a bakinmu, a majalisu da teburin mai shayi da cikin motar Potiskum ranar kasuwa.

Tun daren 25 ga Disamba, 2025, lokacin da Amurka ta harbo makamai masu linzami cikin Jihar Sakkwato, gwamnatin Abuja kuma ta fito ta ce da saninta da yardarta aka yi, sai ka ji wasu daga cikinmu suna cewa, "Ai gara haka. Tun da namu sun kasa, a bar Turawa su zo su gama da su kowa ya huta." Wasu kuma su ƙara da cewa in ba don ƙungiyoyin agaji na waje ba, da tuni yunwa ta gama da Borno da Yobe. Masu faɗin haka mutane ne da wahala ta kai wa wuya, ban ga laifinsu ba don sun gaji. Amma ina cewa sun yi kuskure, kuma kuskuren ya fi haɗari a bakin Bahaushen da ke zaune a garin da ba a kiransa ɗan asali, domin kuwa inda duk sojan waje ya sauka a wannan yanki namu, wanda ake kira baƙo shi ne ya fara kwana a ciki. Zan kawo hujjojina ɗaya bayan ɗaya, mai karatu ya yi alƙalanci da kansa.

MUN SAN ZAFIN ABIN

Kada wani ya ce mai wannan magana bai san ciwon ba. Babu gidan da ke tsakanin Gadaka da Potiskum da bai san shi ba. A watan Mayun 2012 aka buɗe wuta a kasuwar shanu ta Potiskum, aka cinna mata wuta, hukuma ta ce mutum 34 suka mutu, mutanen gari suka ce sun fi haka nesa ba kusa ba. Ranar 6 ga Yuli, 2013 aka kashe ɗalibai da malami a makarantar Mamudo. A Fabrairun 2014 aka yi na Buni Yadi. Ranar 10 ga Nuwamba, 2014 ɗan ƙunar baƙin wake ya shiga cikin yara a filin taron safe na makarantar kimiyya ta Potiskum, sama da 40 suka riga mu gidan gaskiya. A Fabrairun 2018 aka kwashe 'yan mata 110 a Dapchi. An kai hari masallaci, an kai hari coci, an kai hari tasha. Waɗanda suka mutu akwai Ngamawa, da Karekare, da Bolawa, da Ngizimawa, da Fulani, da Barebari, da Hausawa, akwai Musulmi akwai Kirista.

To amma da Shugaba Trump ya tashi yi wa Nijeriya barazanar kawo hari a farkon Nuwamban 2025, cewa ya yi Kiristoci zai zo ceto. Wato tun kafin ya harba komai ya riga ya raba gawarwakinmu gida biyu, ya ƙirga wasu ya tsallake wasu. Mutumin da ya fara da raba matattunku, yaya za a yi ya haɗa kan masu ranku? Kuma da aka yi harin, wasu ɓaraguzan makaman a gonakin Jabo suka faɗa, cikin Ƙaramar Hukumar Tambuwal, garin da mutanensa suka ce su ba su san wani sansanin 'yan ta'adda a wurinsu ba.

DARASIN LIBIYA

Mu fara da Libiya, domin ruwa ba ya tsami banza. A watan Maris na 2011 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1973, da sunan kare farar hula daga sojojin Gaddafi. Nijeriya ma tana cikin waɗanda suka ɗaga hannu. Ƙungiyar NATO ta yi wata bakwai tana ruwan bama-bamai, har aka kashe Gaddafi ranar 20 ga Oktoba. Daga nan masu jirage suka koma gida. Rumbunan makamai suka zama na kowa, makaman suka bi sahara suka gangaro, kafin shekara ta zagayo arewacin Mali ya faɗa hannun 'yan tawaye a 2012. Shi kansa Obama ya faɗa a 2016 cewa rashin shirin abin da za a yi bayan faɗuwar Gaddafi shi ne kuskure mafi girma a mulkinsa. Shi ya yi nadama a gaban 'yan jarida, mu kuma har yau muna binne gawa.

Abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne abin da ya sami 'yan ci-rani. Kafin yaƙin, Hausawan Nijar da na Nijeriya birjik suke a Sabha da Tarabulus da Bangazi, masu gini, masu lambu, masu ɗinki, masu gadi, suna aiko wa gida da abin sawa a bakin salati. Rana ɗaya aka wayi gari duk baƙar fata ya zama "sojan hayar Gaddafi". Aka kama, aka daka, aka kashe, aka ƙwace abin da mutum ya yi shekaru yana tarawa. Dubun dubata suka kwararo Agadas da rigar wuyansu kaɗai. Zuwa 2017 duniya ta ga hoton bidiyon da ake gwanjon baƙaƙen fata a Libiya kamar awaki. Jiragen da aka ce sun zo kare farar hula, babu ko ɗaya da ya tashi domin kare waɗannan bayin Allah.

DARASIN BANGUI

Na biyu, Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. A can ma akwai Hausawa da Fulani da Barebari da suka yi kaka da kakanni suna fatauci, wasunsu ba su san hanyar Kano ba sai a labari. A Maris na 2013 'yan tawayen Seleka, waɗanda yawancinsu Musulmi ne, suka ƙwace mulki, suka yi ɓarna mai yawa, wannan gaskiya ce ba za mu ɓoye ba. A Disamba na wannan shekara Faransa ta sauke sojojinta da izinin Majalisar Ɗinkin Duniya, suka fara da ƙwace makaman Seleka. Da gefe ɗaya ya rasa makami, sai 'yan Anti-balaka suka far wa duk wani Musulmi, mai laifi da maras laifi, suna cewa baƙi ne su koma inda suka fito. A gaban idon sojojin waje aka yi wannan. Unguwanni suka zama kufai, ragowar mutane suka takure a unguwar PK5 kamar kaji a akurki. A Janairun 2014 sai da Nijeriya ta aika jirgi ya kwaso mutanenta. Jakadiyar Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya ta faɗa a 2015 cewa daga cikin masallatai 436 na ƙasar an rusa 417.

Ban ce Faransa ta je da niyyar a kashe Musulmi ba. Abin da nake cewa shi ne sojan da ya sauka jiya bai san wane ne wane ba. Bai san cewa tela kaza an haife shi a wannan lungu ba, bai san wanda ke da tsohuwar gaba da wani a kan rumfar kasuwa ba. Dole ya nemi ɗan jagora da tafinta, kuma abin da ɗan jagora ya nuna masa shi zai gani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ɗan jagora ya nuna ƙofarka ya ce ga gidan baƙi, da wane harshe za ka yi wa Bature bayani?

ABIN DA YA FARU A TAFKIN CHADI

Za a ce mini, to ai a 2015 sojojin Chadi da na Nijar ne suka shigo suka ƙwato mana garuruwa. Haka ne, kuma duk wanda ya musa bai yi adalci ba. Sojojin Chadi sun ƙwato Gamboru a Fabrairu, sun ƙwato Dikwa a Maris, su da na Nijar suka ƙwato Damasak, kuma sun zubar da jininsu. Allah Ya saka musu. Amma a lura da abu biyu. Na farko, maƙwabta ne da gobarar ta kama gemunsu su ma, Boko Haram ta riga ta toshe wa Chadi hanyoyin kasuwancinta, ta kuma shiga Diffa da Bosso. Na biyu, Shugaba Idriss Deby da bakinsa ya koka cewa suna ƙwato gari su zauna jiran sojan Nijeriya ya zo ya karɓa, shiru. Korar maƙiyi daga gari aikin kwana ɗaya ne, kuma sojan aro yana iya yin sa. Riƙe garin, da buɗe kotu da makaranta da asibiti da kasuwa, wannan sai mai gida.

A cikin wannan yaƙin na taron dangi ne kuma aka yi abin da bai kamata mu manta ba. Bayan harin da aka kai wa sojojin Nijar a tsibirin Karamga ranar 25 ga Afrilu, 2015, hukumomin Diffa suka ba duk mazauna tsibiran tafki wa'adin 'yan kwanaki su tashi. Mutane suka taka a ƙasa cikin zafin bazara, wasu suka mutu a hanya saboda ƙishirwa. 'Yan Nijeriyar cikinsu, masunta da 'yan kasuwar kifi da suka yi shekara da shekaru a can, aka loda su a manyan motoci aka sauke su a kan iyaka. Ta Geidam suka shigo, a nan jiharmu, dubbai, hukumar NEMA tana rubuta sunayensu tana tura su Sakkwato da Kebbi da Zamfara da sauran jihohin da aka ce can ne asalinsu. Ba su ɗauki bindiga ba. Laifinsu ɗaya, baƙi ne a inda soja yake son ya share fili. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

NIJAR DA MALI: AN GUDU BA A TSIRA BA

Idan yawan sojan waje yana kawo zaman lafiya, da Nijar da Mali sun fi kowa barci. Faransa ta shiga Mali a Janairun 2013, ta kafa rundunar Barkhane a 2014, sojojinta suka haura 5,000. Amurka ta kashe sama da dala miliyan 100 ta gina sansanin jirage marasa matuƙa a Agadas. Majalisar Ɗinkin Duniya ta girke dakaru sama da 10,000 a Mali har shekara goma. Duk da haka rikicin da ya fara a arewacin Mali sai ya gangaro tsakiyar ƙasar, ya shiga Burkina Faso, ya shiga Tillaberi da Tawa. A Janairun 2021 jirgin Faransa ya jefa bam a ƙauyen Bounti, binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce taron biki ne kuma farar hula 19 suka mutu, Faransa ta ce ba haka ba ne, magana ta mutu. A Nuwamban wannan shekara aka kashe mutum uku a garin Tera na Nijar wajen zanga-zangar tare ayarin sojan Faransa. Daga ƙarshe Faransa ta fita daga Mali a 2022, daga Burkina da Nijar a 2023, daga Chadi a farkon 2025. Amurka ta miƙa sansanin Agadas a 2024.

Masu ɗaga tutar Rasha kuma kada su yi murna da wannan magana tawa, domin su ma da su nake. A garin Moura na Mali, a Maris na 2022, binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce sojojin Mali tare da wasu fararen fata na waje sun kashe mutum aƙalla 500 cikin 'yan kwanaki, yawancinsu farar hula, kuma ranar kasuwa aka fara. Canza ubangida ba 'yanci ba ne.

Mu kanmu mun kusa zama sojan waje a gidan ɗan uwa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 a Yamai, ECOWAS ta ba da wa'adin mako ɗaya, aka rufe iyaka, aka yanke wuta. Allah Ya sa Majalisar Dattawa ta ƙi goyon bayan yaƙi, malamai da sarakuna suka yi ta zirga-zirga har wutar ta lafa. Amma wata bakwai da 'yan kai da iyakar ta yi a rufe, har zuwa Maris na 2024, wa ya ji a jikinsa? Janar-janar ba su rasa tuwon dare ba. Mai albasa da mai shanu da direban tirela da matar da 'yarta ke aure a Maraɗi su suka ɗanɗana kuɗarsu.

WANDA KE SAMA BA YA JIN KUKA

Akwai kuma maganar haƙƙi, wadda ita ce dalilin kafa wannan takarda tamu. Jiragen Nijeriya ma sun sha kashe bayin Allah. A Rann, ranar 17 ga Janairu, 2017, an jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira, sama da mutum 100 suka mutu. A Tudun Biri ta Jihar Kaduna, ranar 3 ga Disamba, 2023, an kashe aƙalla mutum 85 a wajen Mauludi. Abin takaici ne, kuma har yau ba mu gamsu da hukuncin da aka yi ba. Amma da yake namu ne, manyan hafsoshi sai da suka taka suka je gaisuwa, majalisa ta tayar da maganar, jaridu suka yi ta yi, lauyoyi suka sami wanda za su kai ƙara. Ƙofa ce ƙarama, amma akwai ta.

To in makamin daga jirgin ruwa aka harbo shi a teku, wace kotu za ka je? A Kabul, ranar 29 ga Agusta, 2021, jirgin Amurka maras matuƙi ya kashe mutum goma 'yan gida ɗaya, bakwai yara ne. Amurka ta amsa cewa kuskure ne, sannan ta ce babu wanda za a hukunta. Wannan kuwa a ƙarshen shekara 20 da ta yi a ƙasar Afganistan ne, ta tafi ta bar Taliban a kan kujerar da ta same su. Kakanninmu sun san wannan tun da wuri. Turawan da suka ci ƙasar nan da sunan hana cinikin bayi suka zo, aka ƙare a Burmi a Yulin 1903, can ƙetaren Gongola ba nisa da mu, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, suka zauna har 1960. Shi ya sa da aka ƙulla yarjejeniyar tsaro da Ingila lokacin samun 'yanci, ɗalibai suka tashi tsaye har aka soke ta a 1962.

BUHUN AGAJI

Yanzu mu zo kan agaji. A nan ma zan faɗi alherin kafin in faɗi aibin. Da taimakon waje aka kawar da kurkunu a ƙasar nan, aka ba Nijeriya shaida a 2013. Da taimakon waje aka kai ga ranar 25 ga Agusta, 2020, da aka ce Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. A 2016 da 2017 abincin agaji ya ceci rayukan da Allah kaɗai Ya san yawansu a Borno da Yobe, kuma ma'aikatan agaji da dama, yawancinsu 'ya'yanmu ne, sun rasa ransu a bakin aiki. 'Yan matan Chibok 21 da aka sako a 2016 da 82 da aka sako a 2017, da shiga tsakanin gwamnatin Suwizalan da ƙungiyar Red Cross aka karɓo su, bayan jiragen leƙen asirin da manyan ƙasashe suka turo a 2014 sun yi ta shawagi ba su dawo da ko ɗaya ba. A lura, taimakon da ya yi amfani shi ne wanda ya zo da aiki guda sananne, ya bi ta hannun ma'aikatanmu, bai zo da bindiga ba.

Aibin kuma guda uku ne. Na farko, buhu ba ya isa inda aka aike shi. A Yunin 2017 ofishin Muƙaddashin Shugaban Ƙasa Osinbajo ya faɗa a fili cewa a da, cikin kowace mota 100 ta hatsin da gwamnati ke aika wa 'yan gudun hijira, sama da 50 karkatar da su ake yi.

Na biyu, shi ne namu na mazauna. Ƙa'idar ƙungiyoyin agaji ba ta tambayar ƙabila, wannan gaskiya ne. Amma Baturen da ke Abuja ba shi ke rubuta sunaye ba. Takardar tana bi ta hannu da hannu, kuma a nan ne ake tace ta. Akwai masu unguwanni da bulamai masu tsoron Allah da ba su taɓa bambanta mu da 'ya'yansu ba, muna gode musu. Amma a teburin sakatare an sha kawo kukan gwauruwar da aka haifa a nan, ta yi aure a nan, ta binne mijinta a nan, ranar rubuta suna aka ce mata ta bari a gama da 'yan gari tukuna. Kayan hukuma in an hana ka, kana da sashen doka da za ka riƙe. Kyautar baƙo in an hana ka, sai a ce maka ai alfarma ce.

Na uku, mai bayarwa yana iya rufe hannunsa ranar da ya ga dama. A Janairun 2025 Trump ya dakatar da agajin Amurka da sa hannu ɗaya, zuwa Yuli aka rufe hukumar USAID ɗungurungum. A cikin watan nan na Yuli Hukumar Abinci ta Duniya ta yi gargaɗin cewa kuɗinta sun ƙare, abincin mutum miliyan 1.3 a arewa maso gabas zai tsaya, kuma cibiyoyin kula da yara masu tamowa sama da 150 a Borno da Yobe suna gab da rufewa. A Katsina ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 ne suka mutu da tamowa a cibiyoyinta cikin wata shida na farkon 2025. Babu uwar da aka yi shawara da ita, domin ba ita ta zaɓi Trump ba, kuma ba za ta iya cire shi ba. Abin kunya ma shi ne a Abuja aka yi alkawari a 2001 cewa kowace ƙasar Afirka za ta ware kashi 15 cikin 100 na kasafinta ga lafiya, amma gwamnatin tarayya ta yi ta yawo a wajen kashi 5, saboda ta saba wani yana ɗaukar mata kaya. Da aka janye, sai ga shi nan take an samo dala miliyan 200 an sa a kasafin 2025 domin cike gurbi. Ashe akwai kuɗin!

TO MENE NE MAFITA?

Na san za a tambaye ni, to mu zauna a yi ta kashe mu ke nan? A'a. Ba na ƙin a sayi makami, ko a karɓi horo, ko a yi musayar bayanan sirri, ko a haɗa kai da maƙwabta a kan iyaka. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da tsaronmu da cikin 'ya'yanmu amana a hannun wanda ba mu da ikon tambayarsa. Duk wata yarjejeniya da sojan waje a kai ta gaban majalisa a karanta a fili, a san ranar zuwa da ranar tafiya, a san wanda zai biya diyya in an kashe maras laifi. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Gatarin namu kuwa yana cikin Tsarin Mulki na 1999. Sashe na 14 ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne aikin farko na gwamnati, bai ce na 'yan asali kaɗai ba. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan Nijeriya ikon ya zauna inda ya so a ƙasar. Sashe na 42 ya hana a nuna maka bambanci saboda ƙabilarka ko addininka ko garin asalinka. Sashe na 43 ya ba ka ikon mallakar fili da gida a ko'ina. Waɗannan ukun na ƙarshe kotu tana sauraron ƙara a kansu. Babu sojan Amurka ko na Faransa ko na Rasha da zai zo ya karɓo maka su.

Saboda haka ina kira ga kowane magidanci da abubuwa kamar haka. Kowa ya tabbata shi da matansa da 'ya'yansa da suka kai shekara 18 suna da katin zaɓe na nan inda muke zaune, a daina tafiya gida yin zaɓe ana barin kansilan da ke kusa da mu bai san da zamanmu ba. Kowa ya yi lambar NIN, kowane jariri a yi masa takardar haihuwa. A adana rasiɗin haraji da na rumfar kasuwa da takardar cinikin gona ko fili, da sa hannun shaidu, ba a fafe gora ranar tafiya. In an zo rubuta sunayen agaji ko taki ko tallafi aka tsallake gidan da ya cancanta, kada a yi faɗa a layi, a kawo wa ƙungiya da rana da wuri, mu rubuta takarda mu bi ta hannun mai unguwa da hakimi har inda ya kamata. Wanda bai iya karatu ba ya shiga ajin yaƙi da jahilci, ni ma a can na koyi riƙe alƙalamin nan da girmana, kuma mutumin da ke iya karanta jerin sunaye da idonsa yana da wuyar tsallakewa.

Sama da duka, mu riƙe zumunci da iyayen gidanmu Ngamawa da sauran ƙabilun da muka tarar. Mu shiga aikin gayya da sintiri da jana'iza da suna, mu sanar da hukuma duk baƙuwar fuskar da ba mu yarda da ita ba, mu ja kunnen 'ya'yanmu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A Bangui da Sabha bangon ya riga ya tsage kafin jirage su zo. Ranar tashin hankali maƙwabcin da zai tsaya a ƙofarka ya ce wannan namu ne, ya fi maka bataliya guda ta Turawa.

Ana ce mana baƙo raɓa ne. To mu dai ga kaburburan iyayenmu a nan, ga gonakinmu, ga jikokinmu suna jin yaren gari. Raɓar gaskiya ita ce sojan da ya zo a 2013 ya tafi a 2022, da hukumar da ta ciyar da yaro yau ta rufe ofis gobe. Kada mu jingina rayuwarmu da abin da hantsi ke busarwa.

Wanda yake da ra'ayi saɓanin nawa, filin nan na kowa ne, ya rubuto ko ya zo taron wata ya faɗa, za a buga. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya zaunar da Gadaka da Jihar Yobe da Nijeriya da maƙwabtanmu lafiya, amin.

Wassalam.

Naku,
Sakataren Ƙungiya, Gadaka.